Kowace Shuka da Ƙasarta

A cikin littattafan Faransanci, ƴan makaranta sukan ga hoton wani fure mai suna ortansiya. Yana da kyau ƙwarai. Wasu yara sukan ce: "Mushe, mu shuka shi a lambun lakkwal!" Kafin a ba su amsa, ya kamata a san shukar tukuna.

Ortansiya iri-iri ce. Akwai wadda furenta ke fitowa a dunƙule, da tsini a sama, kamar zangarniyar dawa. Asalinta ƙasashen Sin da Japan ne. Ana renon ortansiya da yawa a Faransa, musamman a kewayen birnin Anje. Babbar takan wuce mita 3. Amma masu lambu sun fitar da gajerun iri, kamar wadda ake kira Bobo, da ba ta cika wuce mita 1 ba. Mai ƙaramin fili ma yana iya dasa ta, ko da a cikin babbar tukunya.

A Faransa, mai lambu yakan dasa ta a watan Oktoba ko Maris, lokacin da ƙasa ke da laima. Yakan haƙa rami mai faɗi, ya zuba taki, ya ba ta ruwa sosai. Sannan ya rufe gindinta da busassun ganye don kada ƙasa ta bushe da wuri.

Da hunturu takan zubar da ganye, ta yi kamar ta mutu. Ba ta mutu ba, hutawa take yi. Ko sanyin ƙanƙara ba ya kashe ta. A ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, mai lambu yakan datse rassanta, ya bar wa kowane reshe ido biyu ko uku. Wannan ba mugunta ba ce, domin a kan sabon toho furen yake fitowa. Daga Yuli zuwa Satumba sai ta cika da fure. Da fari fari ne, daga baya ya koma ja-ja.

To, ya dace a dasa ta a lambun lakkwal? A'a, bai dace ba. A Yamai da Maraɗi, zafin Afrilu yakan wuce digiri 40. Ganyenta zai ƙone. Kuma babu irin sanyin da take bukata don ta huta. Wani zai ce a yi mata rumfa, a riƙa ba ta ruwa safe da yamma. Amma yara ne ke ɗauko ruwan nan daga rijiya. Ruwan da za ta shanye ya fi amfani a gindin zogale ko tumatir. Yaron da ya wahala, shukarsa ta mutu, yakan tsani aikin lambu.

Fure kuwa bai ƙare ba a ƙasar Hausa. Kariya takan yi fure mai kyau a tsakiyar rani, ba ta neman ruwa da yawa. Sai dai a kiyaye, ruwan jikinta dafi ne. Furen lalle kuma ƙamshi gare shi.

Duk da haka, akwai darasi a wurin mai ortansiya. A rufe gindin shuka da ciyawa. A datse kan zogale don ya yi rassa. A san halin shuka kafin a haƙa mata rami. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Tambayoyi
1. Da me furen wannan ortansiya ya yi kama?
2. Don me ake datse rassanta?
3. Waɗanne shuke-shuke ne suka dace da lambun lakkwal?