Famfon zuciya: Ƙaramar kafar ciki da ke iya ɓata aikin tiyata mai tsada

A watan Yulin 2010, likitoci suka dasa wa tsohon mataimakin shugaban Amurka, Dick Cheney, ƙaramin famfo a ƙirji domin ya tallafa wa zuciyarsa da ta gaza. Na'urar, wadda ake kira LVAD, ta riƙe shi har zuwa Maris na 2012 da aka yi masa dashen zuciya.

Labarin nasara kenan, amma ba a cika maganar wayar na'urar ba.

Famfon yana aiki ne da lantarki, don haka akwai waya da ke fitowa ta fatar ciki zuwa batura da majinyaci ke ratayawa. Fata ita ce katangar farko ta garkuwar jiki, wannan waya kuwa ta huda ta, kuma kafar na nan muddin famfon na nan.

Ta nan ƙwayoyin cuta irin su Staphylococcus aureus da Pseudomonas ke shiga. Sukan manne wa wayar, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ke shan wahalar ratsawa. Daga nan suna iya kaiwa ga famfon ko su shiga jini.

Ita ma garkuwar jiki tana sauyawa. Bincike ya nuna wasu ƙwayoyin kariya da ake kira T kan ragu bayan dasa na'urar, yayin da jiki kan ƙara samar da sinadaran yaƙi da baƙon nama. Hakan na iya wahalar da samun zuciyar da za ta dace idan lokacin dashe ya zo. Ciwon suga da ƙiba kuma suna ƙara haɗarin.

Ba ina kushe na'urar ba ne. A gwajin MOMENTUM 3, kusan kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka sa wa HeartMate 3 suna raye bayan shekara biyar, alhali mutane ne da zuciyarsu ta kai maƙura.

Ra'ayina shi ne, rabin aikin yana ɗakin tiyata, rabin yana gida: wanke kafar da kayan da aka tsabtace, ɗaure wayar kada ta fizge, guje wa nutsewa cikin ruwa, da garzayawa asibiti da zarar an ga ja, kumburi, mugunya ko zazzaɓi.

Don haka iyalin da ke shirin kai ɗan'uwansu waje, kafin a sayar da gona ko gida, a yi tambaya. Wa zai riƙa duba kafar idan an dawo? Wane asibiti zai gano ƙwayar cutar kafin a ba da magani? Yaya za a yi cajin batura idan an ɗauke wuta?

Maganin da aka sayo a kemis ba da gwaji ba yana iya ƙara wa ƙwayar cutar taurin kai. Rigakafi dai ya fi magani.