RA'AYINMU: JIKOKIN MAƘERA DA KAYAN ARO

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin Kano ya san labarin Abagayawa, maƙeran nan da aka ce sun taso daga Gaya suka sauka gindin Dala wajen neman tama. Mun tuno da su ne saboda wata 'yar magana ta ilmin kwamfuta da muke so mu kawo gaban 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, ko da yake mun san wasu za su ce ba ta kai a ɓata mata wannan fili ba. To, a yi mana haƙuri a ji.

Tun shekarar 2008 gwamnatin Amurka ta sakar wa duniya hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat kyauta. Kowanensu yakan komo kan wuri ɗaya bayan kwana 16, kowane ɗigo na hoton kuwa fili ne mai mita 30 tsawo da faɗi, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma na hekta ba. Ashe ke nan gonar gero a Balan, da fadamun Ajingi da kogin Haɗejiya kan shanye idan ya cika ya batse, duk suna cikin waɗannan hotuna, shekara bi shekara. Amma fa lokacin da aka fi bukatar ganin gona, daga Yuni zuwa Satumba, shi ne lokacin da gajimare ke rufe ta. Wanda bai tsince ɗigogin gajimare ya zubar ba, lissafinsa na amfanin gona ko na ɓarnar ambaliya shirme ne kawai.

Ga yadda ake tsincewar. Kowane ɗigo yana tafe da wata lamba mai gurbi 16, kamar guraben dara, kowane gurbi ko da ɗa a ciki ko babu. Ana fara ƙirga su daga sifiri. Gurbi na 3, mai daraja 8, shi ke cewa akwai gajimare. Na 4, mai daraja 16, inuwar gajimare. Na 7, mai daraja 128, ruwa. Idan mutum ya ga 21824 da 22280 zai ɗauka 'yan gida ɗaya ne, alhali ta farko fili ce garau, ta biyu kuwa gajimare ne tsantsa. Sai a ɗauki 24, wato 8 da 16 a haɗe, a ɗora ta kan lambar gurbi da gurbi, a riƙe inda duka biyun ke da ɗa kaɗai. Ta farko za ta ba da sifiri, a ajiye ta. Ta biyu za ta ba da 8, a yi waje da ita. Iyakar dabarar ke nan, kuma tushenta tsoho ne: George Boole ya shimfiɗa lissafin a 1854, Claude Shannon kuma ya nuna yadda za a gina shi da makunnan lantarki a 1937, yana ɗalibi ɗan shekara 21, a cikin kundin digirinsa na biyu. A lura da wannan, a cikin kundin digiri.

Hoto ɗaya yana da ɗigo fiye da miliyan 30, saboda haka bin su ɗaya bayan ɗaya aikin baban giwa ne. Nan ne rumbunan manhaja irin su Apache Arrow, wanda aka kafa a 2016, suke da rana. Idan aka zuba bayanan cikin jadawali, shi Arrow ba ya ajiye su layi-layi kamar rajistar makaranta. Kowane ginshiƙi yakan tara shi wuri ɗaya a jere, ta yadda umurni guda zai ratsa miliyoyin lambobi a tashi ɗaya. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, ba a haifi Arrow da wannan lissafi na gurbi-gurbi ba. Daga baya ne masu ba da gudummawa suka ga giɓin, suka rubuta, manya suka duba suka gyara, aka karɓa. Aikin bai taka kara ya karya ba, amma sai an yi tunanin lambobi masu gurbi 8 da masu 64, da masu alamar ragi, da abin da za a yi idan wani gurbin jadawali fanko ne, sannan a rubuta gwaji mai tabbatar da kowane ɗaya. Ɗalibin aji uku da ya riƙe karatunsa zai iya.

To, mu fa? Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Da yawa daga cikinmu kundin kammala karatu a shagunan bakin ƙofa ake sayo shi, a sauya sunan makaranta da na ƙaramar hukuma, a yi masa bango mai ruwan zinariya. Wanda ma ya rubuta da kansa, galibi manhajar rajistar ɗalibai ce ko ta ɗakin magani, irin wadda aka yi sau ɗari kafin shi, ba kuwa wanda zai sake buɗe ta bayan ranar kare kundi. Laifin ba namu ba ne mu kaɗai. Muddin ana auna kundi da kaurinsa, ɗalibi zai ci gaba da neman shafi, ba zai nemi aiki ba. Ga kuma ɗakin kwamfuta da ake rufewa da la'asar, daidai lokacin da laccoci suka ƙare.

Mun san abin da za a ce: yaya malami zai ba da maki a kan gyaran da bai wuce layi ɗari biyu ba? Amsarmu ita ce, layi ɗari biyun nan sun bi ta hannun ƙwararrun da ba su san ɗalibin ba, ba sa jin kunyarsa, ba kuma za su karɓi abin da bai ci gwaji ba. Wane mai jarrabawa na waje ne ya fi wannan tsanani? Duk gyaran da aka yi masa kuwa a rubuce yake, malami na iya karantawa daga farko har ƙarshe.

Saboda haka muna kira ga sassan kwamfuta da lissafi da su amince da irin wannan gudummawa a matsayin aikin kammala karatu, tare da rahoto gajere mai bayyana abin da aka yi. Muna kira ga sassan aikin gona da labarin ƙasa da su miƙo tambayoyinsu na gaske, misali faɗin gonakin da ruwa ya kwanta a kansu a Ajingi a damina kaza, domin a haɗa ɗalibi mai tambaya da ɗalibi mai na'ura. Ita kuma Ƙungiyar Ɗalibai, maimakon kuɗin da ke tafiya wajen riguna da kalanda, ta nemi hukumar jami'a ta bar ɗakin kwamfuta a buɗe zuwa ƙarfe goma na dare, ko da kwana uku ne a mako, ƙungiya ta ɗauki rabin kuɗin man janareta.