Fanshon Ƙananan Hukumomi: An Cire, Amma An Zuba?



Ku leƙa ofishin fansho ranar tantancewa. Ga tsohon malamin firamare, ga tsohuwar ungozoma daga asibitin ƙauye, kowa da fayil a hammata, ana jiran a kira suna. Yawancinsu ƙaramar hukuma suka yi wa aiki, kuma su ne aka fi bari a baya.

Don a kawar da wannan layi aka kawo tsarin fansho na karo-karo a 2004, zamanin Obasanjo, aka yi masa kwaskwarima a 2014. Ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusu mai sunan ma'aikacin, ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. Sai dai ƙaramar hukuma ba ta shiga kai tsaye. Sai jiha ta yi tata dokar. Kaduna ta soma a 2017. Jigawa da Kano kuwa sun zaɓi tara gudummawar a baitulmali guda, a riƙa biyan 'yan fansho daga ciki.

To, sa hannu a doka abu ne mai sauƙi. Inda gizo ke saƙa shi ne zuba kuɗin. Dokar 2014 ta ba da kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Amma sau nawa ma'aikaci yake ganin an zaftare masa kashi 8 a takardar albashi, ya je ya duba asusunsa ya tarar wayam? Shekara da shekaru ciyamomi suna fakewa da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wai kuɗin na hannun gwamna. Ba ƙarya suke yi ba gaba ɗaya. Amma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Duk ranar da hakan ta tabbata, uzurin ya ƙare, nauyin ya hau kan ciyaman da ma'ajinsa.

Saboda haka kafin wata ƙaramar hukuma ta ce ta shiga, ta fara gaya mana nawa tsofaffin ma'aikata ke bin ta, da yadda za ta biya su. Ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, da ta malamai, NUT, su nemi shaidar zuba kuɗi duk wata, a manna a allon sanarwa na sakatariya, kusa da jadawalin albashi.