Hannun da ya riƙe bindiga yau ya kasa riƙe hauya



Makon jiya na je gaida yayana, ɗan baffana, a ƙauyenmu da ke tsakanin Magarya da Dungas. Tsohon soja ne, yana cikin waɗanda aka tura Difa bayan Boko Haram ta fara kawo mana hari a watan Fabrairun 2015. Aka kawo mana fura. Ya kai hannun dama zai ɗauki ludayi, ludayin ya suɓuce. Ya sake, ya sake suɓucewa. Sai ya juya baya kaɗan, ya sha da hagu. Na ce, "Yaya, har yanzu hannun?" Ya ce, "Ƙanena, bar shi kawai. A takarda ai lafiyata lau."

Wannan magana ita ta hana ni barci.

Motarsu ce ta taka nakiya, ɓarɓashin ƙarfe ya shige masa wuyan hannu. Ciwon ya warke, tabon bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Amma babban yatsa da manuni sun mutu, ba ya jin zafi ko sanyi da su. Da aka auna nakasarsa sai aka rubuta masa kaso kaɗan, kuɗin da ke biyo baya kuwa ba ya sayen buhun gero. Ya nemi a sake dubawa. Sau biyu yana zuwa Yamai, tafiyar da ta kai kilomita 900 daga Damagaram kaɗai, ya sayar da tumaki biyu don kuɗin mota. Zuwan farko aka ce dosiyensa bai cika ba. Na biyu aka ce ya koma gida, za a kira shi. Damina uku ke nan.

Ra'ayina shi ne: raunin hannu ana yi masa awo da ido, ido kuwa ba mudu ba ne. Wanda ya rasa ƙafa kowa na gani. Mai mataccen hannu yana tafiya tsaf, rigarsa fes, sai a ce ai wannan garau yake. Alhali ƙasusuwa 27 ne a hannu ɗaya, takwas daga ciki a wuyan hannu, ga manyan jijiyoyi uku da ke kai ji da motsi ga yatsu. Likitoci na ƙiyasta cewa babban yatsa kaɗai shi ke ɗauke da kusan kashi 40 cikin ɗari na aikin hannu. Hoton ƙashi ba ya nuna mutuwar jijiya, sai an yi mata gwaji na musamman da lantarki. Akwai ma wani ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa da yakan karye hoton farko bai nuna ba, sai bayan shekaru gaɓar ta sandare. Ke nan awon rana ɗaya ba zai zama hukuncin har abada ba.

Sannan mu dubi inda mutumin nan zai koma. Ba ofis zai zauna ba. A Banɗe, Wacha, Guci ko Malawa, abinci daga hannu yake fitowa: noman gero da gyaɗa, saran rake a fadama, jan guga, tuƙa kabu-kabu. Wanne ne ake yi ba da damƙa ba? Ga kuma abin da ba ya shiga takarda: magidanci ya ci tuwo da hagu a gaban baƙi, ya miƙa hagu a gaisa. Duk Bahaushe ya san nauyin wannan.

Wani zai ce ƙasa na cikin yaƙi, aljihun gwamnati ba zurfi, ga zawarawa da marayun sojojin da suka kwanta dama a Inates a Disambar 2019 da Cinagodar a Janairun 2020. Gaskiya ne, haƙƙinsu na gaba da komai, Allah Ya jiƙan mazajensu. Amma wa ya ce sai an danne mai rai kafin a girmama mamaci? Wani kuma zai ce in aka buɗe ƙofa masu ƙarya za su shigo. To ai maganin ƙarya gwaji ne, ba jan rai ba. A gwada jijiyar, mai gaskiya ya samu, maƙaryaci ya koma.

Tarihi ya riga ya yi mana gargaɗi. Kakanninmu da suka yi wa Faransa yaƙi an daskarar da fanshonsu da wata doka ta 1959, abokan aikinsu Turawa na samun ƙari, su suna nan inda aka bar su. Sai da wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya a Nuwamban 2001, shi kuwa ya riga ya rasu. Cikakken daidaito bai zo ba sai 2011, lokacin mafi yawansu suna kabari. Mun zagi Faransa kan wannan, kuma ta cancanci zagin. To kar mu yi wa namu abin da muka zagi wani a kai. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa tun 2008. Sa hannu ba wuya, cikawa ce aiki.

Abin da nake kira a yi ba shi da tsada:

Na ɗaya, kwamitin likitocin da ke auna nakasa ya riƙa zama a Damagaram lokaci-lokaci, ya leƙo har Magarya da Dungas, a sanar a rediyo tun da wuri. Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta tun 2011, bai kamata ɗanta ya sayar da dabba don a karɓi takardarsa ba.

Na biyu, duk hukunci ya zo a rubuce da dalilinsa, a fassara wa mutum da Hausa, a gaya masa inda zai ɗaukaka ƙara da wa'adin da yake da shi.

Na uku, a ba shi rasit ranar da ya ajiye dosiye, a kuma sa ranar amsa.

Na huɗu, in ciwo ya ƙaru, a sake awo ba tare da sai ya san wani babba ba.

Mu ma da namu aikin. Ɗalibai da malaman makaranta da ke jin Faransanci, ku zauna da tsofaffin sojojin unguwarku ku taya su rubutu. Iyalai, ku adana kowace takardar asibiti, ku yi mata fotokopi, kar ku ba da ta asali.

Matasan da ke fagen daga yau suna kallon yadda muke riƙon yayyensu. Da zan taho, Yaya ya rako ni bakin hanya, ya ce in na ji ranar da likitocin za su zo in aiko masa. Na ce to. Har yanzu ban samu abin da zan aika ba.

In akwai irinsa a gidanku, ku faɗa mana garinku a ƙasa, ba sai kun ambaci suna ba. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.