Babban birki a ƙaramar mota: maganin wace cuta?

Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin rumfar makanikai a Maraɗi ko Damagaram ya ji irin wannan roƙo. Mai ƙaramar mota, Starlet ko tsohuwar Corolla ko Peugeot 205, zai zo yana neman a ciro birkin wata babbar mota a ɗaura wa tasa. Labarin kusan kullum guda ne: jaki ya faɗo masa a hanya, ko amalanke ta ɓullo da dare ba fitila, ya taka birki iya ƙarfinsa, mota ta yi ta ja kafin ta tsaya. Ya sha da ƙyar, ya ɗora laifin kan faifan birki, wai ya yi ƙanƙanta.

Tsoronsa gaskiya ne, sai dai ya kama wanda bai yi satar ba. Birki taya yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da mota. Motar da tayoyinta suka kulle har suka bar baƙin zane kan gudron ta riga ta nuna cewa ƙarfin birkinta ya wuce abin da taya ke iya ɗauka. Ko faifan babbar mota aka sa mata, a wurin nan dai za ta tsaya, domin duk riƙon da take da shi a ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu huɗu ba. A kan busasshiyar hanya, mai gudun kilomita 50 a awa na bukatar kamar mita 14 daga taka birki zuwa tsayawa. Mai gudun 100 kuwa kusan mita 56 yake bukata, ninki huɗu ke nan, ban da mita 28 da mota ke cinyewa cikin daƙiƙa guda kafin ƙafar direba ta kai ga birki. Idan iska ta shimfiɗa rairayi kan hanya, lissafin ya ƙara tsawo.

Cutar da babban birki ke magani ita ce zafi. Mota mai nauyin tan guda, idan aka tsayar da ita daga gudun kilomita 100, zafin da ke fita cikin daƙiƙoƙi kaɗan ya isa ya tafasa ruwa lita guda. Sau ɗaya, ƙaramin faifai na iya shanye wannan. Sau goma a jere, a gangaren dutse ko filin tsere, guntayen da ke matse faifan, waɗanda makanikai ke kira plaket, sai su gasu su daina kamawa. Shi ya sa a 1986, da kamfanin Peugeot ya sa wa 205 GTI injin mai lita 1,9, ya sa mata faifai a baya maimakon tambur, da janti mai inci 15. Amma injiniyoyi ne suka sake lissafin motar gaba ɗaya. Hanyar Yamai zuwa Damagaram kuwa, mai tsawon kilomita kusan 900, galibinta shimfiɗaɗɗiya ce. Wadda ke gasa birki a kanta ita ce mota mai kujera biyar da aka cusa wa mutum bakwai, da buhunan albasar Galmi a bayanta, cikin zafin watan Afrilu. Wannan sauke kaya take bukata.

Inda haɗarin ya fi girma shi ne wajen ɗaurawa. Tayoyin gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, an kuma tsara mota yadda su za su fara kullewa. Wanda ya ƙara wa baya ƙarfi ya juya wannan tsari: baya ta kulle da farko, mota ta juya ta ba da gefe, ga babbar mota tafe. Wanda ya ƙara wa gaba kaɗai ya bar baya tana zaman banza, tsayawar ma na iya ƙara tsawo. Sa'an nan babban famfon da ke tura man birki an auna shi ne da ƙananan muƙamuƙai. Idan aka sa manya, ƙafa sai ta nutse sosai kafin birki ya kama. Janti mai inci 13 sau da yawa ba ya ɗaukar babban faifai, sai an sayi janti huɗu da taya huɗu. Mafi muni shi ne ƙarfen da mai walda ke ƙerawa don ramukan kusoshi su dace. A kansa ran mutum biyar zai rataya.

Abin da ake ƙyalewa kuma shi ne mai araha. Man birki na shan laima daga iska. Sabon mai samfurin DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa yana iya sauka zuwa wajen 155, kuma man da ya tafasa tururi yake zama, ƙafa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Masu ƙera motoci na cewa a sauya shi duk shekara biyu. Motoci nawa ne ke yawo da wanda suka shigo da shi daga Turai? Ƙari kawai ake yi musu. Bayan mai, sai plaket na kirki, da tiyon roba da bai tsattsage ba, da gyaran tambur na baya.

Kuɗin da ya rage a kai su ga taya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: 2318, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta kai shekara goma robarta ta bushe ko da zanenta na nan, kuma yawancin masu ƙera taya na ba da shawarar a cire ta.