Labarin Soyayya A Lokacin Tsanani: Gudun Duniya Ko Maganin Zuciya?

Da wuya 'yan bokon Arewa su zauna hirar adabi su tashi ba a yi wa littattafan soyayya shaguɓe ba. Wani ya ce ɓata lokaci ne, wani ya ce su ne suka lalata tarbiyyar 'yan mata, wani kuma ya ja tsaki ya ce ina amfanin labarin masoya alhali buhun masara ya gagari magidanci. Wannan magana ta ƙarshe ita ce nake so in tsaya a kanta, domin tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur ta ƙara samun masu faɗa. Ra'ayina shi ne, tsananin rayuwa shi ne takin da irin wannan adabi yake tsirowa a kai, kuma wanda ya riƙe littafin soyayya cikin ƙunci yana neman inda zai sauke numfashi ne. Saboda haka tambayar da ta dace da mu ita ce: ina labarin yake kai mai karatu, kuma da wace irin Hausa?

Bari mu fara leƙawa Amurka, mu ga yadda abin ya kasance a wajen wasu. Waɗanda suka yi zamanin sinima a cikinmu sun san kaboyi, mai malafa da doki da bindiga. To, asalin kaboyi makiyayi ne ɗan ƙwadago, wanda bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka a 1865 ake ɗauka haya ya kora shanu daga Tekzas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas. Aiki ne na ƙura da rana da ƙaramin albashi, kuma da yawa daga masu yin sa baƙaƙen fata ne da mutanen Meziko. Marubuta ne suka ɗauki wannan talaka suka mai da shi gwarzo. A 1902 Owen Wister ya fitar da The Virginian, labarin wani kaboyi da ya kamu da son malamar makaranta. A 1924 aka fara buga wata mujalla mai suna Ranch Romances, wadda ba ta da aiki sai labaran soyayyar makiyaya, kuma ta rayu har zuwa 1971. Abin lura shi ne, karyewar tattalin arzikin da ta fara a 1929, wadda zuwa 1933 ta raba kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar da aikinsu, ba ta kashe irin waɗannan mujallu masu araha ba. Mutumin da ya rasa aiki ya ci gaba da ware 'yan kwabbai ya sayi labarin da a cikinsa mai gaskiya ke cin nasara. Daga baya, wata malama mai suna Janice Radway ta bi matan da ke karanta littattafan soyayya ta tambaye su dalili, ta tarar yawancinsu suna ɗaukar karatun a matsayin ɗan lokacin da suka keɓe wa kansu bayan sun wuni suna yi wa kowa hidima.

Mu ma a nan gida tarihinmu bai yi nisa da wannan ba, kuma mu mutanen Zariya mu ne ya fi kamata mu sani, domin a garinmu aka yanke wa ƙagaggen labarin Hausa cibiya. A 1933 Hukumar Fassara a ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar da ta ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A wannan zango ne aka samu Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, wanda kacokan labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace masa budurwa. Ke nan soyayya tana cikin tubalan farko na wannan gini, ba baƙuwa ba ce da ta shigo ta taga. A 1980 kuma kamfanin NNPC na nan Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, bayan gasar da ya shirya.

Amma ambaliyar ba ta zo ba sai da wahala ta zo. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban yara da suka iya karatun Hausar boko. Shekara goma bayan nan, a 1986, gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta kawai. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Sai matasa da matan aure suka ɗauki biro, suka haɗa 'yan kuɗaɗensu, suka kai wa ƙananan maɗaba'u. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza kasuwa da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma ta shiga ɗakunan mata da Allura Cikin Ruwa. Duk wanda ya ce waɗannan littattafai ba su san wahala ba, to bai buɗe su ba. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, wanda ya fito a 1990, labarin Rabi ne da miji ya kora da 'ya'ya tara, ta riƙe su da sayar da abinci. Marubuciyar kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama. A 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi wa littafin, duniya ta karanta abin da wasunmu suka raina.

Ban ce masu suka ba su da hujja ba. Lokacin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa waɗannan rubuce-rubuce sunan Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta musayar alƙalami a jaridu a shekarun 1990 tsakaninsa da irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme, adabin ne ya ci riba, domin muhawara ce ta ilimi. Inda aka kauce hanya shi ne 2007, sa'ad da hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta tara littattafai ta cinna musu wuta a bainar jama'a, daga baya kuma Hukumar Tace Finafinai ta nemi marubuta su yi rajista. Me aka samu? Labarin ya bar takarda ya koma wayar hannu. Yau a WhatsApp da Wattpad ake rubuta shi shafi-shafi, a YouTube da gidajen rediyo ake karanta shi ga wanda bai iya karatu ba. Da can uba yana iya ganin littafi a ƙarƙashin matashin 'yarsa. Yanzu ko ɗan sandan ciki ba zai gani ba. An ƙone takarda, ba a ƙone ƙishirwar ba.

Wannan ƙishirwa kuwa tsohuwa ce. Me ya sa kakanninmu mata suke tara yara da dare, ko da an kwana da ƙarancin tuwo, su ba su labarin Gizo, ɗan ƙaramin halitta da ke wasa da hankalin zaki da kura? Domin mai rauni yana bukatar ya ji, ko da a baki ne, cewa ƙarfi ba shi ne ƙarshen zance ba. A Dare Dubu Da Ɗaya, da labari matar sarki ta tsirar da wuyanta daga takobi. A Magana Jari Ce, da labari aku ya riƙe ɗan sarki Musa dare bayan dare har ya tsallake makircin waziri. Abubakar Imam, wanda ya yi zamansa a nan Tudun Wada, ya fahimci cewa labari yana iya riƙe mutum har gari ya waye. Marubucin Ingila J.R.R. Tolkien ma ya taɓa kafa hujja da fursuna: wanda ke kurkuku, idan ya yi tunanin gida maimakon bango da masu gadi, ba a kiransa matsoraci. A unguwarmu ina ganin telan da ke sauraren labari a waya yana jiran a kawo wuta, da ɗalibar Kongo da ke karantawa a cikin Keke Napep, da matar auren da ke rubuta shafi ɗaya bayan yara sun yi barci, masu bibiyarta su tura mata ɗan abin sayen sabulu. Ga wasu matan, rubutun shi ne kaɗai wurin da suke faɗin abin da ya tokare musu ƙirji. Shi ya sa da Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira ya yi magana.

To, amma a nan ne nawa ƙorafin yake, kuma gida biyu ne. Na farko, ina ake kai mai karatu? Da yawa daga labaran yau ba su san hanya ba sai ta Dubai da Maitama: saurayi ɗan minista ne, motocinsa sun fi ƙarfin lissafi, budurwa kuwa fara ce sol mai gashi har gadon baya. Yarinyar da ta rufe irin wannan labari ta ɗaga kai ta ga rufin ɗakinsu yana yoyo, hutu ta samu ko ƙarin takaici? Labarin da ke warkarwa shi ne wanda mai karatu zai dawo daga cikinsa yana ganin darajar kansa, kamar yadda mai karanta labarin Rabi yake dawowa. Na biyu, harshe, wanda shi ne fagen da na yi karatu a kai. Ana haɗe "ya ce" da "ta zo" kamar kalma guda, ana zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ har "ƙafa" ta koma "kafa", ana cusa Ingilishi inda Hausa take da kalmarta tsaf. Tun 1912 Hanns Vischer ya fara tsara ƙa'idojin rubutun Hausar boko, aka sake zama a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Ƙa'idojin suna nan. Laifin namu ne, mu malaman jami'a, da muke rubuta kundaye a kan kurakuran marubuta, ba mu taɓa kiransu mun zauna da su a kan tebur ɗaya ba.

Akwai kuma darasin da nake ganin za mu ɗauka daga kaboyi. Amurkawa sun ɗauki makiyayinsu sun ba shi suna da zuciya da masoyiya, ko da yake sun yi haka ne tare da rufe zaluncin da aka yi wa 'yan asalin ƙasar, kuma wannan ɓangare ba abin koyi ba ne. Mu kuwa namu makiyayin ya kusa ɓacewa daga adabi, sai a kanun labaran kisa da satar mutane ake jin sunansa. Alhali jarumar So Aljannar Duniya Bafulatana ce, kuma tun 1962 Cyprian Ekwensi ya gina Burning Grass a kan iyalin makiyaya. Ina labarin saurayin ruga da ya rasa shanunsa ya ƙi ɗaukar bindiga? Ina na 'yar manomi da ɗan makiyayi da burtali ya raba iyayensu? Ba na da'awar labari zai kwance damarar ɗan bindiga, ko ya share hawayen wanda aka kashe wa ɗa. Abin da na sani shi ne, wanda ka yi kuka saboda shi a cikin littafi, da wuya ka yi wa dukkan danginsa kuɗin goro a zahiri.

Don haka kirana ga sassan Hausa na jami'o'inmu da kwalejojin ilimi shi ne su buɗe ƙofa, su riƙa shirya wa marubutan waya bita ta kwana biyu ko uku a kan ƙa'idojin rubutu da tsarin labari. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya da sauran ƙungiyoyin marubutan Hausa su samar da masu tace rubutu da marubuciya za ta iya biya. Masu hannu da shuni da ke kashe miliyoyi a bikin rana ɗaya su sa gasa mai ɗorewa. Iyaye kuma su karanta abin da 'ya'yansu ke karantawa kafin su yanke hukunci; inda aka tarar da batsa a kira ta da sunanta a yaƙe ta, amma kada a yi wa sauran jam'u. Mutanen da ke cikin matsi ba za su daina neman labari ba, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage mana shi ne mu taimaka labarin ya zama mai kyau, cikin Hausa mai kyau. Allah Ya yaye mana wannan tsanani, Ya sa mu dace.