Kafin a Taɓa Sukurun Silo

A hutun da ya wuce, ana tsakiyar hunturu, Kawuna ya kira ni tashar Kankiya. Yana jigilar fasinja ne tsakanin Kankiya da Kusada da wata Corolla ƙirar 2004, 'yar Kwatano, wadda ta girmi wasu 'yan ajin farko na makarantar nan. Na same shi a tsaye gaban bonet, injin yana ta gurnani kamar an taka totur, alhali ba kowa a kujerar direba.

"To, Injiniya," in ji shi, "ga karatunku nan. Mai take sha kamar raƙumi."

Allurar tana kan juyi 1,500 a minti, ga shi yanzu ya dawo daga Kusada. Injin fetur mai lafiya, in ya ɗumama, silonsa tsakanin 600 da 900 yake zama. Da sassafe yakan hau 1,200 ko fiye, wannan ba ciwo ba ne, birenbos ce ke ƙara iska da mai don injin ya yi saurin ɗaukar zafi. Ciwon shi ne ya hau ya ƙi sauka.

Gareji biyu ya riga ya je. Na farko ya ɗauko sukundireba ya murɗa sukurun totur, ya ce an rage silo. Na biyu ya ce birenbos ce ta tafi, a nemo wata daga Kano. Ba wanda ya tambayi me ya sa injin yake neman wannan gudun, kuma abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Silo mai yawa alama ce, kamar zazzaɓi. Wanda ya murɗa sukuru ya danne alamar ne kawai, wanda ya ce a sayi birenbos kuwa caca yake yi da kuɗin wani. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200 ana iya kawar da kai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, direban da ke zaman jiran lodi da injin a kunne cefanen gidansa ne ke fita ta salansa. Ga haɗari kuma: mota mai giyar otomatik in silonta ya yi sama, da ka sassauta birki sai ta zabura. Ku ƙaddara haka a cunkoson ranar kasuwar Caranci.

Ina da 'yar na'urar nan da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari ta yi magana da waya, ta wani ɗan ajinmu ce na aro. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wannan soket, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Ina sokawa sai na ga zafin ruwan injin bai ko kai digiri 60 ba, bayan doguwar tafiya. Fankar lagireto kuma tana ta juyi tun da aka murɗa makulli.

Na ce, "Kawu, an cire mata tamostat ko?"

Ya ce tun ranar da ta iso. Ai kowa ya sani, wannan abin na ƙasashen ƙanƙara ne.

Wannan magana ta kusa zama karin magana a garejojinmu, kuma ba daidai ba ce. Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin injin har sai ya kai wajen digiri 82, sannan ta buɗe ya zagaya lagireto. In ta buɗe, ba ta hana sanyaya komai. In aka cire ta, aka kuma haɗa fanka kai tsaye, to a sanyin Janairu injin ba zai taɓa kai zafin aikinsa ba. Sensa tana gaya wa birenbos har yanzu da sanyi, ita kuma tana ci gaba da ƙara mai da silo. Ba ta lalace ba, aikinta take yi da labarin da aka ba ta. Gwajin ma ba ya buƙatar na'ura: ka tayar da mota da safe ka dafa lagireto, nesa da fanka. In ya fara ɗumi tun a mintunan farko, ƙofar a buɗe take ko babu ita.

Ban ce masu cirewar wawaye ba ne. Sun ga tamostat ta maƙale a rufe, injin ya tafasa a zafin Afrilu, gasket ya ƙone. Sun ga jabun kaya. Amma maganin ƙofar da ta maƙale shi ne a sa mai kyau, a wanke lagireton da ruwan rijiya ya cika da tsatsa.

Muka sa sabuwa, aka mayar da fanka yadda take. Ina ta hura hanci, sai allura ta sauko 1,100 ta tsaya cak. Na'urata ta nuna iska ta fi mai yawa, amma ba ta ce daga ina ba. Na yi ta latsa waya, yaran gareji suna ƙunshe dariya.

Wani dattijon bakanike da ke zaune kan tsohuwar taya yana kallonmu ya miƙe. Ya yanko guntun tiyo, ya kara baki ɗaya a kunnensa, ɗayan yana bin jikin injin da shi. Bai yi minti biyu ba ya ce, "Yaro, zo ka ji." Wani siririn fito na ji. Ƙaramin tiyo ne a bayan manifol ya tsage don tsufa, iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya ba tare da sensa ta ƙirga ta ba. Ya matse shi da filaya, nan take injin ya lafa. Kuɗin sabon tiyon bai kai na lita biyu ba.

Na ce, "Baba, a ina ka koyi wannan?" Ya ce a inda babu waya.

Abin da ya dame ni shi ne, da yawanmu haka muka yi watannin SIWES ɗinmu: mun cika littafi, an buga mana hatimi, ba mu bari baƙin mai ya taɓa rigarmu ba. Muna iya zana yadda iska ke shiga injin a takardar jarrabawa, ba mu san ƙarar yoyonta ba. Dattijon nan kuma ya san ƙarar, amma shi ma da na tambaye shi, cewa ya yi tamostat ba ta ƙasarmu ba ce. Rabin gyaran yana wurina, rabi yana wurinsa, motar Kawu kuwa ta yi wata biyu tana ƙona mai a tsakani.

Shi ya sa nake roƙon ƙungiyar ɗalibai ta ware Asabar ɗaya kafin jarrabawa, a gayyato bakanikai uku ko huɗu daga cikin gari, malamai da ɗalibai masu mota su kawo, mu zo da na'ura su zo da kunne. A bi abin daga mai sauƙi: tabarmar ƙafa da wayar totur ko sun maƙale, sai tiyoyi, sai zafin ruwa, sai dattin maƙogwaron totur da bawul ɗin silo. Birenbos ta zo a ƙarshe.

Motar Kawu yanzu tana kan 750. Ya yarda mai ya ragu, amma ya ajiye tsohon hukuncinsa a aljihu: ya ce in Afrilu ta zo allurar zafi ta ko motsa, da hannunsa zai cire abin nan, kuma ni zan biya kuɗin gasket.